Batirinka Ya Mutu Ban Gama Magana Ba

Assalamu alaikum, Auta.

Malama Rahila ce ke rubuta min wannan, malamar firamaren nan da ke haya a ɗakin da ke jikin katangarmu. Ni ke faɗa, ita ke sawa a takarda. Na ce mata kada ta gyara min magana, yadda ta fito haka za ta sauka. In ka ga wuri ya yi kaushi, nawa ne, ba nata ba. Ta ce me zai hana ta ɗauki muryata a waya ta tura maka, ya fi sauƙi. Na ce muryata ta shiga na'ura sau ɗaya, har yau ban gama da abin da ta jawo ba. Kai kuma a waya ba ka ji, "to Inna, to Inna" kawai kake yi, hankalinka na wani wuri.

Ina fata ka sauka Kano lafiya. Ya gajiyar hanya, ya baƙunta, ya mutanen da suka ba ka wurin kwana? Ka gaishe su, ka ce na gode. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum, Allah ya haɗa ka da masu tsoronsa. Mu nan Madadi lafiya lau. Ba labarin gida ya sa na zaunar da matar mutane da biro ba, a kan fim ɗin nan naka ne da ka tafi sayarwa. Ka karanta har ƙarshe kafin ka sa hannu a komai.

Zan fara da laifina a kanka. Kana ƙarami ba ka da aiki sai kwaikwayon mutane. Tafiyar liman, tarin ladan, yadda Baffanka Isa ke gyara hula in zai yi ƙarya. Mata suna dariya har da hawaye, ni kuma ina zabga maka muciya. Na ɗauka zan cire maka abin. Ban cire ba, ɓoyewa kawai na koya maka. Shi ya sa da ka girma ka aro kyamara ka tara mutanen unguwa, ba ka zauna ka gaya min me za a yi da ni ba. Tsoron muciya bai bar ka ba. Ka dai ce, "Inna, babu rubutu, babu hadda, ki zauna kawai kamar matar da mijinta ya rasu, abin da ya zo bakinki ki faɗa." Na ce ai wannan ba sai an koya min ba. Da ban dake ka a kan abin nan ba, da ka saba gaya min gaskiyarsa, da na san me zan shiga. Don haka ga ta farko: duk wanda za ka ɗora wa kyamara, ka fara gaya masa ina maganarsa za ta je. Ba mutanen gidan kawai za su ji ba, har wanda bai san ubansa ba zai ji yana cin gyaɗa a tasha. Ka gaya masa haka tun kafin ya buɗe baki.

Ka san komai na fim ɗin nan aro ne. Kyamara aro, janareta aro, akuyar da aka ja a layi aro, har ƙyauren da aka buga na ƙofar Talatu mai koko ne. Babbar rigar babanka ma daga akwatina ka ɗauka ka sa wa Ado mai faci, don shi ya fito a mai gidan da zai mutu. Ban gaya maka ba, ranar na fito daga madafa na hango Ado ta baya cikin rigar nan, yana tsaye bakin rijiya, sai da na dafa turmi. Tsayinsu ɗaya. Ku kuna can kuna ihun a kawo haske.

Na san aro, ya taɓa kunyata ni. Lokacin bikin ɗaya daga cikin yayyenka na aro babbar tasa wurin wata maƙwabciyata, ta ɓata a cikin taro. Maimakon in je in ce ga abin da ya faru, sai na riƙa sauya hanya. In ta bi ta rijiya, ni in bi ta bayan masallaci. Haka har ta koma ga Allah. Ranar zaman makokinta 'yarta ta ce min, "Inna, kullum tana tambaya me ta yi miki kika daina shigowa." Tasar ma ta manta da ita. Ni ta rasa. To kai ka riƙe wannan: abin aro da ƙafarka za ka mayar, ba saƙo ba, ko da ya lalace. Kuma magana ma aro ce. Abin da Talatu ta faɗa a fim ɗinka a kan ɗanta da ya tafi cirani bai dawo ba, ba kai ka rubuta mata ba. Nata ne, daga cikinta ya fito. Ba ka da ikon sayar da shi sai ta ce ta yarda.

Yanzu Alhajin nan da ya zo da mota ya kalli fim ɗin a zaure. Kun ɗauka ba na ji, ina bayan zana ina tsince wake. Da aka zo wurin da na fito a fim ɗin ya buga cinya ya ce, "Kai, tsohuwar nan ita ce kasuwar! Sauran duk a rage. Wurin da ta ce ban yafe ba, shi za mu yanka gajere-gajere mu watsa a waya, yara su yi ta turawa." Na ji ka ce, "Alhaji, ai fim ɗin gaba ɗaya ne." Ya ce, "Gaba ɗaya wa zai zauna ya kalla? Ba jarumi, ba waƙa, ba rawa." Da zai tafi ya leƙo ya ce, "Hajiya, kin iya fim wallahi." Na ce, "Ban je Makka ba, kuma ba fim na yi ba." Ya yi dariya, ya ɗauka wannan ma cikin wasan ne.

Na san irinsa. Ina ƙuruciyata ina kai man gyaɗa kasuwar Kabo, wani ya zo ya ɗanɗana ya yi ta yabo, wai bai taɓa jin mai kamar nawa ba, duk wanda na matsa ya kawo masa zai kwashe. Yabon ya shige ni. Ashe sirka shi yake da wani mai mai wari, yana sayarwa yana cewa man Mairo ne na Madadi. Kuɗina bai ci ba, yana biya. Sunana ya ci. Na daɗe in na aje kwalba a kasuwa mata suna shinshinawa suna wucewa. Mai saye in ya cika yabo, ka tambaye shi me zai yi da kayan bayan ka juya baya. In ya ce ba ruwanka tunda ya biya, ɗauki kayanka ka tashi.

To ga abin da ya sa na kira Malama.

Ka tuna yadda aka yi ranar. Ka zaunar da ni a tabarma a tsakar gida, mata kewaye da ni, ka tsayar da Baffanka Isa a bakin ƙofa, ka ce ya yi yadda ake yi kafin a ɗauki mamaci. Kai a wurinka wasa ne ka shirya. Ba ka lura ba cewa shi ɗin dai ne ya tsaya a ƙofar nan ranar da aka fitar da babanka, tabarmar ma ita ce. Ranar ta gaskiya da ya ce, "Iyali, ku yafe masa," mata suka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe." Ni bakina bai motsa ba. Hayaniya ta rufe ni, ba wanda ya gane. Na yi takaba, na fita, na ci gaba da rayuwa da abina a ciki.

Ranar fim ɗinka kuwa ka ce kowa ya yi shiru, ni kaɗai zan amsa. Baffanka ya gyara murya ya ce, "Mairo, kin yafe masa?" Yana ɗan murmushi ma, yana jiran in ce na yafe a tashi a ci abinci. Sai na ji bakina ya ce, "Ban yafe ba."

Ya ce, "A'a, Mairo, ba haka ake cewa ba."

Na ce, "An ce abin da ya zo bakina. Ban yafe masa Hadiza ba."

Malama ta ɗago kai, ta ce wace ce Hadiza. To ki rubuta, shi ma rabin labarin ya sani. 'Yar farina ce. Tana raye ban taɓa kiran sunanta ba, kunyar ɗan fari, sai dai in ce yarinyar nan. Ta mutu ma ban kira ba. A gaban kyamararka na fara furta shi tun da aka raɗa mata shi a kunne.

Abin da na faɗa ranar kana da shi a na'urarka, ka kalla ya fi a ƙirga. Zazzaɓi ya kama ta lokacin cirar gyaɗa. Hadari na haɗuwa kullum, gyaɗa ta nuna, in ruwa ya sake dukanta za ta tsira a ƙasa, abincin shekara ya tafi. Na ce Malam, jikin yarinyar nan ya yi zafi, a kai ta Gwarzo. Ya ce bari mu gama cire gyaɗar nan tukuna, a ba ta jiƙo. Aka gama gyaɗa, ta fara jijjiga. Ya ɗauko keke, na goya ta na hau baya. Ba ta kai asibiti ba. Duk wannan na faɗa, na ce gyaɗa ya zaɓa ya bar 'yata. Talatu na kuka, Baffanka ya cire hula ya riƙe a hannu. Sai na ji ka ce, "Kash, batir!" Ka zare abin ka fita a guje wurin mai caji. Kafin ka dawo Baffanka ya tafi, mata sun watse. Ka dawo kana haki kana cewa, "Inna, ya isa haka, wannan ya fi duk abin da na zata." Ka rungume kyamararka kamar an yi maka haihuwa.

Bai isa ba, Auta. Batirinka ne ya mutu, ni ban gama ba.

Ga wanda bai shiga ba. Da babanka ya ce bari mu gama gyaɗa, ni me na ce? Na ce, "To." Ban yi gardama ba, ban ɗauki 'yata na kama hanya da ƙafa ba, ban je wurin Baffanka na ce a ba ni aron keke ba. Na ce to, na ɗaura zane na bi shi gona. Ni ma ina kallon hadarin nan, ni ma ina lissafin abin da za mu ci. Da hannuna na cire gyaɗar nan, ina jin numfashinta a ƙarƙashin bishiya inda na shimfiɗa ta. Shekara da shekaru na ɗora masa kayan shi kaɗai, don in na sauke masa sai in ɗauki rabina.

Akwai kuma wani. A hanya, wurin da ake gangarawa rafi, na ji ta yi nauyi a bayana, irin nauyin da uwa ba ta bukatar a gaya mata. Ban ce masa komai ba. Na bar shi yana taka keken nan, gumi na zuba ta ƙeyarsa, yana cewa, "Riƙe ta da kyau, mun kusa." Haka har ƙofar asibiti. Har yau ban sani ba ko tausayinsa ne ya rufe min baki ko so nake ya sha wahalar. Daga ranar bai ƙara shuka gyaɗa a gonar nan ba, dawa yake sawa ko da ba ta yi. Bai taɓa ce min ga dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Muka zauna gida ɗaya, ina dafa masa yana ci, muka haife ku, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Wannan ne babban kuskurena. Da na yi masa ihu sau ɗaya, ya yi min, da mun yi kuka mun wuce. Shiru na zaɓa, na ɗauka haƙuri nake yi. Ba haƙuri ba ne, ajiya ce. Kai in wani ya yi maka abu, ka gaya masa yana da kunnen ji. Kada ka bari sai ya shiga ƙasa ka zo kana gaya wa kyamara.

Da ka fita neman caji, ni kaɗai na rage a tabarma. Ado ya cire rigar babanka ya rataye a igiyar shanya. Na dube ta, na ce, "Malam, ni ma na ce to. Na yafe maka, kai ma ka yafe min." Ba wanda ya ji sai kaji. Ban san dalilin da ya sa ta fito a lokacin ba, wataƙila sai da na amayar da ɗayar wannan ta samu hanya.

Ka ga inda matsalar take. Abin da ke cikin na'urarka rabin magana ne, kuma rabin da ya fi muni. In Alhajin nan ya yanka ya watsa, babanka zai zama mutumin da ya bar 'yarsa ta mutu saboda gyaɗa, matarsa ta ƙi yafe masa. Yara za su riƙa turawa juna "ban yafe ba" in wani ya cinye musu awara. Shi kuma yana kwance ba bakin kare kansa. Kada ka ce ai a fim sunan mutumin daban ne. Daga nan har Kabo wa bai san Hadiza 'yar wa ce ba? Baffanka tun ranar bai taka gidan nan ba. Mun haɗu a hanyar makabarta, na ce, "Ina kwana, Malam Isa." Ya ce, "Lafiya," yana kallon ƙasa. Da ya wuce ya juyo ya ce, "Mairo, ɗan'uwana ne fa. A gabana kika yi masa haka." Kuma yana da gaskiya.

Ban ce kada ka sayar da fim ɗinka ba. Na ga wahalar da ka sha, na ga ka sayar da babur ɗinka, na ga ka rame. Ban san fim ba, amma da ka nuna mana shi a bangon makaranta na ga mutanenmu kamar yadda suke, ba kwalliya, har na ji kunya da daɗi a haɗe. Abu ne mai kyau ka yi, ban taɓa gaya maka ba, to yau na faɗa, Malama shaida ce. Ka kai shi wurin masu tace fina-finai kamar yadda doka ta ce, ka nemi mai saye. Amma wurina ba na sayarwa ba ne a yadda yake. Ko dai ka cire shi gaba ɗaya, ko ka dawo da kyamarar in ƙarasa. Ni na fi son ka dawo. Na ɓata babanka a gaban mutane, a gaban mutane zan gyara. Kuma duk wanda zai saya, a rubuta a takarda cewa ba zai raba maganata biyu ba. In Alhaji ya ƙi, ka bar shi. In wani bai zo ba, ka riƙa yawo da shi makarantu da ƙauyuka kana nunawa a bango, ka ci abin da ya samu. Talauci ba baƙonmu ba ne.

Malama ta ce in sa maka magana mai taushi, wai uwa ce ke rubuta wa ɗanta. To ka ci abinci. Kada ka bar sallah saboda aikin na'ura. Kada ka kwana ɗaki ɗaya da janareta a kunne. Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka, ya kare ka daga abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, ya dawo min da kai lafiya. Allah ya jiƙan babanka da yayarka Hadiza, ya haskaka makwancinsu. Ta rubuta, tana share ido, ban san me ya shige mata ba.

Ga abin da ake bi, kada ka manta ko ɗaya.

Talatu tana binka gyaran ƙyaurenta, tun da aka buga shi ba ya rufuwa. Tana kuma binka tambaya a kan maganar ɗanta. Da bakinka za ka je, in ta ce a cire, ka cire.

Ado mai faci yana binka yinin da ya rufe rumfarsa. Bai tambaya ba, ba zai tambaya ba, shi ya sa za ka fara da shi.

Mai janareta ya ce ka bar masa tanki a bushe.

Rigar babanka tana cikin jakarka, na duba akwati ban gan ta ba. Ba taka ba ce tukuna. Ka dawo da ita a wanke, za a sake rataye ta a igiya.

Baffanka Isa yana binka ban haƙuri, don kai ka tsayar da shi a ƙofar nan bai san me zai ji ba. Ni ma yana bina. Ka fara sauka gidansa kafin ka iso nan, ka ce ya zo ya sake tambayata, amsar da ya jira tana nan. In ya ƙi, ka ce Mairo ce ta roƙa, ya san ban saba ba.

Babanka yana bina magana biyu a gaban jama'a: ni ma na ce to, kuma na yafe.

Ni kuma ina binka batir ɗaya, cike. Ƙafafuna sun fara kumbura, in na je rijiya sai na huta a hanya. Ban ce mutuwa zan yi ba, wannan na Allah ne. Amma na san me ake cewa in aiki ya riƙe mutum, na taɓa jin sa a bakin wanda ya fi ka. In ka kira ka ce min, "Inna, bari in gama cinikin nan tukuna," wannan karon ba zan ce to ba.

Mahaifiyarka,
Inna Mairo